Shekara ɗaya da rabi ina buga wasan sauri a Lichess, ga yadda na same ta

Tun lokacin da ɗan wasan Najeriya Tunde Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024 ya shafe awa 60 yana buga darar ces, mutanen da a da ko kallon allona ba sa yi suka fara tsayar da ni a hanya, wai Malam a ina ake koyon abin nan, wace manhaja za mu sauke. Amsata kullum ɗaya ce, Lichess, amma na ga gara in zauna in rubuta dalili dalla-dalla, musamman ga masu irin matsalata, wato wanda ya iya wasa a kan allo amma da an ce minti uku kowa sai ya koma kamar bai taɓa ganin doki ba.

Ni ɗan gasar ido-da-ido ne, irin wadda ake ba kowa minti 90 ka zauna ka rubuta kowane motsi a takarda, ka tashi ka sha ruwa ka dawo abokin karawarka bai taka ba. A nan na saba, kuma ba yabon kai ba ina da ɗan abin da nake taɓukawa, musamman in an yi musayar manyan kaya an rage ruk, wato kayan nan mai siffar hasumiya, da sojoji. Abin da ya kai ni Lichess kuwa kunya ce. An gama wata gasa aka ce a yi bilis, wato wasan sauri na 'yan mintuna, na nishaɗi kafin a watse, wani yaro ɗan sakandare da na girme wa nesa ba kusa ba ya zauna gabana, na cinye masa doki na cinye soja biyu, ina zaune ina lissafin hanyar da ta fi kyau in gama da shi, sai kawai ya nuna min agogo da yatsa. Lokacina ya ƙare. Ƙanina da ke tsaye a bayana ya ce "Yaya kai fa matsalarka kana neman motsin da ya fi kowanne kyau ne, shi kuwa yaron nan wanda ba zai kashe shi ba kawai yake nema." Na ji haushin maganar har muka isa gida, amma dai gaskiya ce.

Ita Lichess wani Bafaranshe ne mai suna Thibault Duplessis ya ƙirƙire ta a 2010, kuma har yau kyauta ce gaba ɗaya, ba irin kyautar nan da za a ɗanɗana maka zuma a baki sannan a ce kawo kati ba. Babu talla ko ɗaya. Da gudummawar masu amfani da ita ake tafiyar da ita, wanda ya bayar sai a sa masa ɗan fuka-fuki a gefen sunansa, shi ke nan, ba wani abu da zai samu wanda kai da ba ka ba da ko sisi ba ba za ka samu ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu, don babbar abokiyar hamayyarta Chess.com tana da kyau ƙwarai, ta fi yawan jama'a, can ne manyan 'yan wasa irin su Hikaru Nakamura ke baje koli a gasar Titled Tuesday, amma yawancin kayan koyonta masu nauyi sai ka yi rajistar wata-wata, wanda bai biya ba ana ƙayyade masa adadin fazil (matsayin da ake ba ka ka nemo motsin da ya fi) da bitar wasa a rana. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin data da na abinci ba shi zai ɗauki wannan nauyin ba.

Kafin in shiga labarin yadda wasana ya gyaru bari in yi bayanin lokutan, don da yawa suna ruɗewa. In ka ga 3+2, minti uku ne kowa, kuma duk motsin da ka yi a ƙara maka daƙiƙa biyu, da wannan lokacin ma ake buga gasar bilis ta duniya. Lichess na ɗaukar lokacin farko ta haɗa da ƙarin sau 40, in jimillar ba ta kai minti uku ba bulet ne, daga uku zuwa ƙasa da takwas bilis, daga takwas zuwa ƙasa da 25 rafid. Shi ya sa 2+1 bulet ne, 3+0 da 3+2 da 5+3 duk bilis. Akwai ma wani na daƙiƙa 15 kacal da ake kira UltraBullet, wanda ni a ganina wannan ya tashi daga dara ya koma gwajin yatsa. Kowane rukuni da retin ɗinsa daban, wato lambar makin da ke nuna ƙarfin wasanka. Kowa daga 1500 yake farawa da alamar tambaya a gefe, wasannin farko za ka ga ana ƙara maka ko a zabge maka maki sama da ɗari a wasa ɗaya, kar ka tsorata, tsarin Glicko-2 ne ke laluben matsayinka, da ya gane ka sai ya lafa. Sannan don Allah kar ka ɗauki lambar Lichess ka je kana cika baki gaban mai retin ɗin FIDE, hukumar dara ta duniya, ba mudu ɗaya ake awo da shi ba, na nan ya kan fi kumbura musamman a ƙasa-ƙasa.

Wata ukun farko ɓata su na yi, kuma laifina ne. Na ce tunda sauri nake nema bari in tafi inda saurin yake, na faɗa bulet 1+0 ba ji ba gani, bayan sallar isha'i in kwanta da waya sai in farka da tunani ƙarfe ɗaya ta wuce na buga wasa hamsin ban tuna ko ɗaya ba. A nan na haɗu da firimuf, wato ka taka motsinka tun abokin karawa bai taka nasa ba, da ya taka naka ya fita nan take. A Lichess firimuf ɗaya tak ake iya jerawa amma ba ya cin lokaci ko kaɗan, a Chess.com kuwa za ka iya jera da yawa amma kowanne yana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wanda ya saba da ɗaya in ya koma ɗayan sai hannunsa ya yi ta ruɗewa. To ni in ina riƙe da fararen kaya tsarin London nake buɗe wasa da shi, soja ya je gidan d4 sannan bishof, mai tafiya a karkace, ya fito gidan f4, na mai da abin al'ada ina taka d4 sai in jera bishof f4 ido rufe. Ranar nan wani ya amsa min da e5, wato buɗin da ake kira gambit ɗin Englund, bishof ɗina ya sauka f4 daidai bakin sojansa ya ɗauke abinsa a motsi na biyu. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Abin takaicin sai da aka yi min haka sau uku a mako guda kafin na yarda cewa akwai masu buga e5 ɗin nan musamman don farautar irina.

Abin da ya juya min al'amari ba wasan ba ne, abin da ke bayan wasan ne, kuma a nan ne nake ganin Lichess ta yi wa kowa fintinkau a kyauta. Kana gama wasa za ka iya neman binciken kwamfuta, injin Stockfish ya bi wasan daga farko zuwa ƙarshe ya sa maka alama, ?! ƙaramin kuskure, ? kuskure, ?? kuma kwaɓa ce tsagwaronta. Akwai maɓallin koyo daga kurakuranka, ya mai da kai daidai wurin da ka kwafsa ya ce to nemo wanda ya fi, ba zai nuna maka ba sai ka gwada. Amma ni abin da ya fi buɗe min ido shi ne jadawalin lokacin da ka kashe a kowane motsi. Na koma 3+2 na fara duba shi bayan kowane wasa, sai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa kamar an buga hatimi: wajen motsi na 9 zuwa na 15 akwai dogon gini guda ɗaya ko biyu, daƙiƙa arba'in, hamsin, a wurin da babu wani haɗari, kawai ina zaɓe ne tsakanin motsi biyu masu kyau. Da na duba abin da injin ya ce sai in ga bambancin biyun bai taka kara ya karya ba. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacina nake zubarwa a kan abin da bai canza komai ba, sannan in iso ƙarshen wasa, inda ƙarfina yake, da daƙiƙa goma a hannu ina rawar jiki.

Akwai wani sashe da ake kira Chess Insights, shi ma kyauta, da za ka tambaye shi abubuwa a kan wasanninka gaba ɗaya, wane buɗi kake yawan ci da shi, a wane mataki na wasa kake yawan kwafsawa, ya ingancin wasanka yake in lokaci ya matse. Farkon shiga yana da ɗan rikitarwa gaskiya, sai ka yi ta danne-danne kafin ka gane kansa, amma shi ya tabbatar min da abin da nake zargi. Da baƙaƙen kaya ina buga buɗin Sisiliyan don ita ce ta burgewa, kuma a nan aka fi yi min kaca-kaca. Na haƙura na koma Caro-Kann, c6 sannan d5, wasa mai sanyi da ba ya buƙatar haddar layi ashirin, kuma yana yawan kai ni irin ƙarshen da nake so. Na buɗe abin da suke kira Study na zuba layukana a ciki, fari London baƙi Caro-Kann, ina dubawa da rumbun buɗi da ke nuna abin da manya suka buga da kuma abin da 'yan daidai retin ɗinka ke yawan bugawa, wanda wannan na biyun ya fi min amfani don ba gwarzon dara Magnus Carlsen zan haɗu da shi da daddare ba. Yanzu motsi goma na farko ba sa cin min daƙiƙa ashirin.

Sai fazil. Na san kowa na cewa yi fazil yi fazil, amma akwai bambanci tsakanin wanda za ka zauna minti biyar kana lissafi da wanda ke koya wa ido gani nan take, kuma ɗan bilis na biyun yake buƙata. Puzzle Storm minti uku ne, ana jefo maka su daga masu sauƙi suna ƙara tauri, in ka kuskure a zabge maka daƙiƙa goma, in ka jera daidai da yawa a ƙara maka lokaci. Na mai da shi kamar ɗumama jiki, sau biyu ko uku kafin in fara wasa. Duk fazil ɗin daga wasannin gaske da aka buga a shafin aka ciro su, shi ya sa ba su da irin ƙamshin ƙirƙira ɗin nan na littafi. Kuma akwai allon da ke tattara sakamakonka ya ware maka inda kake da ƙarfi da inda kake da rauni. Nawa ya nuna ina gani sosai in abin ya shafi sojan da ke neman zama kwin, wato sarauniya, ko mat, wato kama sarki, a layin baya, amma motsin kare kai da motsin shiru wanda ba cek (barazana ga sarki) ba ci, nan kam sai a hankali. Na ɗauki wata guda ina bin waɗannan jigogin biyu kawai.

Bari in ba ku wasa ɗaya da ya sa na san abin ya fara shiga jiki. An ɗauke wuta, zafi, ina zaune a tsakar gida kan tabarma cajin waya saura kaɗan, 3+2 da wani mai tutar Indiya. Muka yi ta musaya har aka rage ni da ruk da soja ɗaya a layi na bakwai, sarkina a gabansa ya toshe masa hanya, shi kuma ruk kawai, agogona na nuna daƙiƙa 11 ƙarar gargaɗin nan ta riga ta yi. Wannan shi ne matsayin Lucena, kuma a sashen Practice na Lichess na maimaita shi ya fi sau talatin da kwamfuta har ya gundure ni. Ban yi tunani ba ko kaɗan, na ba sarkinsa cek ya matsa, na ɗora ruk a layi na huɗu, sarkina ya fito, ya bi ni da cek, na sauko, cek, na sauko, cek, sai na sa ruk ɗin nan a tsakani ya zama gada. Ya tsaya kamar daƙiƙa biyar sannan ya miƙa wuya. Na duba agogo sai na ga 19, wato lokaci ma ƙaruwa ya yi. A da na san Lucena a ka, in aka ba ni minti biyu zan fitar da shi, amma sanin ka daban sanin hannu daban.

Wata doka da ya kamata ku sani tun kafin ta cije ku: in lokacinka ya ƙare, ba za a ba da canjaras ba sai in babu ta yadda za a yi abokin karawarka ya yi maka mat ko da kai ne ka taimaka masa. Wato in yana da doki ɗaya tak kai kuma kana da soja, lokacinka ya ƙare, an cinye ka, don a lissafi sojan naka zai iya toshe wa sarkinka hanya. Dokar FIDE ke nan, kuma ita ta ci babban ɗan wasa Alireza Firouzja a gasar bilis ta duniya a Mosko a 2019, yana da bishof da sojoji uku Magnus Carlsen na da bishof kaɗai, lokacinsa ya ƙare aka ba Carlsen wasan, ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba. Shi Firouzjan ne kuma a 2020 ya zauna da Carlsen a Lichess suka buga bulet 194 a jere ya ci 103.5 da 90.5. Carlsen na da akawun a can mai suna DrNykterstein, wasanninsa na nan a buɗe kowa na iya bi ɗaya bayan ɗaya, ni na fi koyo daga yadda yake sauƙaƙa matsayi in ya samu rinjaye fiye da dabarunsa masu walƙiya.

Gasar Arena kuwa ita ce daɗin shafin kuma ita ce tarkonsa. Kusan kowane lokaci akwai wadda ke gudana, ka shiga ka fita yadda kake so, ci maki biyu canjaras ɗaya, in ka ci biyu a jere sai wuta ta kama a gefen sunanka makin ya ninka. Sannan ga Berserk, maɓallin da in ka danna a farkon wasa za a raba lokacinka biyu a cire maka ƙarin daƙiƙun, in ka ci a ƙara maka maki ɗaya. Shawarata ga mai irin wasana, kar ka taɓa shi. Na gwada na wani lokaci don in ga sunana a shafin farko, abin da na samu kawai shi ne komawa gidan jiya, ina da matsayi mai kyau agogo na cinye ni.

Maganar netwok dole a yi ta don a nan muke. Shafin ba shi da nauyi, ba ya cin data, ko da sabis ya ja baya yana buɗewa, kuma suna da tsarin rama maka ɗan jinkirin da layi ya jawo. Amma wannan ramuwar tana da iyaka, in layinka ya yanke gaba ɗaya agogonka tafiya yake, bayan ɗan lokaci kuma a ba abokin karawa damar karɓar nasara. Na yi asarar wasanni a haka ba adadi, kuma ba laifin shafin ba ne, layin da nake amfani da shi ne ke yin abin da ya saba da an yi hadari. Shi ya sa nake cewa ɗan Najeriya ko Nijar da ke wasa a waya ya riƙe mai ƙari, 3+2 ko 5+3, ya bar 1+0 ga masu linzamin kwamfuta da intanet ɗin da ba ya tari. A saitin kuma ka sa soja ya zama kwin da kansa in firimuf ne, ka gwada taɓawa biyu da jan kaya ka ga wanne ya fi zauna maka a yatsa, ni taɓawa biyu ta rage min zamewar hannu sosai.

Inda nake ganin ta gaza, na farko ba mai riƙe maka hannu. Kayan aiki ne aka zube maka a gaba kamar shagon kafinta, in ba ka san me kake nema ba sai ka yi wata shida kana danna sabon wasa kawai. Stockfish zai ce maka motsin nan kwaɓa ne ya nuna maka layin da ya fi, amma ba zai ce maka don me ba da bakin mutum, wani lokacin layin nasa ma ba ɗan Adam ɗin da zai gan shi cikin daƙiƙa uku, dole ka koyi wanne za ka ɗauka wanne za ka bari. Wanda yake sabon shiga sosai zai fi jin daɗin darussan Chess.com da aka jera daki-daki. Na biyu kuma, tunda komai kyauta ne ba iyaka, babu birki. An cinye ka uku a jere zuciya ta hau, maɓallin sabon abokin karawa na nan yana kallonka, ka ce bari in rama ɗaya kawai in kwanta, kafin ka farga maki 80 sun tafi. Abin da ya ɗan taimake ni shi ne Zen, wanda ke ɓoye retin da komai ya bar maka allo da agogo, sai dokar da na sa wa kaina cewa in aka ci ni biyu a jere sai na buɗe binciken ɗaya daga ciki kafin in sake bugawa, yawanci kafin in gama dubawa zuciyar ta sauka. Zargin masu satar amsa da inji kuwa, in ka ji a jikinka ka kai rahoto ka wuce, amma ka fara duba wasan tukuna, ni dai sau da yawa da na duba sai in tarar ba wani inji, ni ne na ba da doki kyauta.

Retin ɗina na bilis ya tashi daga wajen 1750 da na zauna a kai bayan alamar tambaya ta fita zuwa ɗan sama da 2050 yanzu, a wata 18, kuma yawancin hawan ya zo ne bayan na rage yawan wasa zuwa biyar ko shida a dare. A dogon wasa na kan allo kuma na lura da abu biyu, ina ganin dabaru da wuri fiye da da, amma hannuna ya koyi gaggawa, har wani dattijo da muke wasa tare ya ce min "Kai ɗan nan, zauna a kan hannunka mana, ina za ka?" Yanzu in gasa ta matso sai in ajiye bilis na mako guda in koma 15+10.

Yaron nan ɗan sakandare kuwa mun sake haɗuwa watan jiya, wasa huɗu muka yi a 3+2, na ci biyu ya ci ɗaya muka yi canjaras ɗaya. Da muka tashi ya tambaye ni sunan akawun ɗina wai zai turo min ƙalubale da daddare, 1+0 yake so. Na ce masa sai dai 3+2.